A Wuce Rubutu

A shekarar 1995 aka saki wani fim a Amurka mai suna Se7en, na darakta David Fincher, labarin ƴan sanda biyu da ke farautar wani mai kisan gilla. Brad Pitt da Morgan Freeman ne a fosta. Rubutun da ke buɗe fim ya jero ƴan wasa ɗaya bayan ɗaya, amma babu sunan wanda ya fito a matsayin makashin. Da gangan aka cire shi. Kevin Spacey ne, kuma shi da kansa ya nemi a yi haka, don ya san duk wanda ya ga sunansa a farko, aka yi nisa bai ga fuskarsa ba, zai yi lissafi ya gane wanda ake nema. Sai da ya shigo ofishin ƴan sanda da jini a rigarsa ya miƙa kansa, sannan ƴan kallo suka san yana ciki. Ladan haƙurinsa kuwa, da fim ya ƙare sunansa ne ya fara fitowa.

Dabarar ta girmi Fincher nesa ba kusa ba. A 1931, da aka yi Frankenstein, wurin da ya kamata a rubuta wanda ya fito a dodon sai aka sa alamar tambaya kawai. Sunan Boris Karloff bai bayyana ba sai a ƙarshe. Alfred Hitchcock kuma ya juya abin a Psycho na 1960. Ya baje sunan Janet Leigh a fosta, kowa ya shiga da zaton ita za a bi har ƙarshe, sai ya kashe ta tun fim bai kai rabi ba, ya kuma sa gidajen silima su hana wanda ya makara shiga. A 2014 Christopher Nolan ya ɓoye Matt Damon a Interstellar, babu shi a fosta babu shi a talla, sai dai a buɗe akwatin barci a wata duniya a ga mutum ya farka yana kuka.

A can, yin haka ba ƙaramin aiki ba ne, domin rubutun farkon fim yarjejeniya ce da aka sa wa hannu. Wa za a fara rubutawa, wa zai biyo baya, girman harafin wane kada ya gaza na wane, duk lauyoyi ke zama a kai, ƙungiyoyin ƴan fim kuma suna tsaye da sanda. George Lucas ya ɗanɗana kuɗarsa: da ya kai sunan darakta Irvin Kershner ƙarshen The Empire Strikes Back a 1980, ƙungiyar daraktoci ta ci shi tara, ya biya, ya fice daga cikinta. Saboda haka kafin a cire sunan ɗan wasa sai ya yarda, shi kuma ba ya yarda sai ya tabbata sunan nasa ya riga ya zauna da gindinsa.

Duk wannan ɗawainiya, da kaset ya iso unguwarmu ta Dar es Salam ta zama aikin banza, don mu ba karanta rubutun muke yi ba, an sa ko ba a sa ba.

Wanda ya tashi a wannan unguwa ta Yamai a shekarun 1990 ya san irin gidan bidiyon da nake nufi. Zana ce aka kewaye a jikin katangar wani gida, ko rumfar kwano mai zafi kamar me, da bencina, da tele guda a kan tebur, da injin kaset an lulluɓe shi da tsumma saboda ƙura. A bakin ƙofa akwai allo an rubuta da alli: karate, ko Indiya, ko yaƙi, da lokacin farawa. Dala biyar muke biya da rana, da dare dala goma. Da an tura kaset, zaki ya yi ruri ko dutse ya fito da taurari, rubutu ya fara hawa, sai ihu ya tashi daga bencin yara: "A wuce rubutu! A wuce rubutu!" Mai gidan ma abin da yake so ke nan. Yana da kallo uku ko huɗu kafin dare ya raba, kuran na iya ɗaukewa a kowane lokaci, kuma kowane minti da kaset ya yi yana juyawa kan injin yake ci. Sai ya danna, sunaye su wuce a guje cikin layi-layi, ya saki daidai inda aka fara harbi.

Ko da an bari, wa zai karanta? Sunaye ne da harshe ba ya iya lanƙwasawa, rabin bencin kuma ba su taɓa shiga lakwal ba. Sunan da muke kiran mutum shi ne na fim ɗin da muka fara ganinsa a ciki. Sylvester Stallone Rambo ne ko da ya sa kwat ya zauna a ofis. Arnold Schwarzenegger Komando ne. Mithun Chakraborty ya zama Jimmy tun Disco Dancer na 1982, Amjad Khan kuwa bai rabu da Gabbar ba tun Sholay na 1975. Mutanen Kano sun fi mu gwaninta a nan, su ne suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Fuska muke karantawa, kuma muna da nahawunmu: akwai akta, akwai bos, akwai yarinya, akwai abokin akta wanda za a kashe don akta ya fusata. Doka ta farko kuwa, wadda ko yaron goye ya sani, akta ba ya mutuwa.

Ranar da aka karya wannan doka a idona, wani fim ne na 1996, Executive Decision, labarin jirgin sama da aka yi fashinsa. Fuskar Steven Seagal ce a kwalin da aka rataye a ƙofa, saboda shi rumfar ta cika har ana tsaye. Ba a kai rabin fim ba iska ta fizge shi daga jikin jirgi ya yi ƙasa. Ba wanda ya damu. Wani matashi a bayana ya ce, "Ku bari, yana da laima, zai dawo." Aka yi ta jira. Kurt Russell, wani mai tabarau da ba mu ɗauka da muhimmanci ba, yana ta kai da kawo, mu idonmu na kan tagar jirgi. Da fim ya ƙare Seagal bai dawo ba, mutane suka ƙi tashi. Aka ce mai gidan ya wuce wani wuri, aka ce kaset ɗin guntu ne, wani dattijo mai gadi da ke shigowa kallon dare ya miƙa hannu ya ce, "Yaro, ba ni dalata goma, ba wannan na biya ba." Sai da aka sa musu karate kyauta aka rabu lafiya.

Ƴan Indiya su ne suka san darajar shigowa. Kyamara za ta fara da takalmi, ta hau wando, ta tsaya a hannu, kiɗa na ƙaruwa, kafin a nuna fuska rumfa ta riga ta ɗauki tafi. A Andha Kanoon na 1983 an ce Amitabh Bachchan baƙo ne kawai, ga shi ya kusa ƙwace fim ɗin daga hannun masu shi. A Deewana na 1992 sai da aka wuce rabi sannan wani yaro ya shigo a kan babur yana waƙa, ba wanda ya san shi a cikinmu. Shah Rukh Khan ne a fim ɗinsa na farko da ya fito kasuwa. Suna kuma da tasu ladabin rubutu. Pran, wanda ya yi shekaru yana fitowa a mugu, sau da yawa a ƙarshen jeri ake sa shi, a keɓe, don girmamawa.

Amma kada in yi wa zamanin ƙarya. Mamakin yana zuwa mana a ɓagas, ba nemansa muke yi ba. A kowace rumfa akwai wanda ya kalli fim ɗin sau babu adadi, yana zaune a tsakiya yana ba da labari gaba da hoto: "Wannan ɗin ƙanensa ne, bai sani ba. Yanzu uwar za ta makance. Ku lura da mai gemun nan, shi ne bos." Ba wanda ke cewa ya yi shiru. Shi ne tafintanmu, wani har gyaɗa yake saya masa. Mu da muka girma da tatsuniya mun san Gizo zai yi haɗama ya sha kunya, kuma sanin bai taɓa hana mu cewa a sake ba. Daɗin kallo a wurinmu shi ne ka ga abin da aka ce zai faru ya faru.

Iyayenmu da suka yi zamanin silima na gaske sun fi mu sanin sunaye, don su fosta suke tsayawa su karanta a ƙofar Vox ko Rex. Shaidar tana cikin Moi, un noir, fim ɗin da Jean Rouch ya yi a unguwar Treichville ta Abijan, ya fito a 1958. Samarin Nijar ƴan ci-rani ne a ciki, kowa ya ari sunan tauraro ya yafa: Oumarou Ganda shi ne Edward G. Robinson, abokinsa Eddie Constantine, wani Tarzan. Wannan Ganda ɗin ne ya dawo gida ya yi Cabascabo, ya yi Le Wazzou polygame wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita, kuma sunansa ne yau a kan cibiyar al'adu ta Yamai. Zalika Souley, wadda ta fara da Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966, ita sanin sunan bai yi mata rana ba. Ta fito a muguwar kishiya, ta fito a mace mai zaman kanta, mutanen gari suka kasa raba ta da rawar da ta taka. Rahmatou Keïta ta nuna halin da ta ƙare a ciki a fim ɗinta Al'lèèssi. Ina jin da an tambayi Zalika a wasu shekaru, da ta so a wuce rubutun. Gidajen silimar kuma suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kaset ya janye musu mutane, karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ƙara tsadar hayar fim.

Sai fim ɗin Hausa ya zo ya kifar da lissafin gaba ɗaya. An fara da Turmin Danya a Kano a 1990, amma guguwar ba ta iso mana sosai ba sai wajen 2000, zamanin Sangaya da Wasila, lokacin da kaset ke shigowa ta Maraɗi da Birnin Ƙonni ya bazu a Katako da Wadata. Kallo ya tashi daga rumfar maza ya shiga tsakar gida. Mata suka karɓe shi, har maƙwabtanmu Zabarmawa da Hausarsu ba ta wuce ta cefane ba. A karon farko ƴan kallo da ƴan wasa harshensu ɗaya, sunayensu iri ɗaya: Ali Nuhu, Fati Muhammad, Ahmad S. Nuhu, Hauwa Ali Dodo. Tambayar da ake yi wa yaron da aka aika hayar kaset ba ta wuce ɗaya ba: su wa ke ciki?

Dalilin da ya sa ba a iya ɓoye suna a Kannywood yana cikin yadda ake cinikin. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba. Kwali yake bugawa, ya kai wa ƴan kasuwar Ƙofar Wambai tare da uwar kaset. Ɗan kasuwa ya sayi kwalaye, ya sayi kaset ɗin da babu komai a ciki, ya kwafa da injinansa, ya zura a kwali ya sayar. Ke nan kuɗin furodusa gaba ɗaya a jikin wannan takarda yake, takardar kuwa fuska ce da suna. Ɗan kasuwa ba ya cinikin biri a sama. Idan bai ga fuskar da ya sani ba, ba zai ɗauki kwali da yawa ba. Wa zai biya jarumi kuɗi masu kauri sannan ya ɓoye shi? Abin da aka yi shi ne akasin haka. A ɗauko babban jarumi ya yi fitowa biyu a yini ɗaya, a cika kwali da fuskarsa, a ture waɗanda suka ɗauki nauyin labarin zuwa lungu. Rabilu Musa Ibro sunansa ma ya zama sunan fim: Ibro Awilo, Ibro Usama. Akwai finafinan da za ka saya don Ibro, ka yi ta jira, ya leƙo ya yi barkwanci ɗaya ya ɓace, sai kuma a ce mu haɗu a kashi na biyu.

Ko abin da ake kira fitowa ta musamman, wanda a wani wuri sirri ne, a nan shela ake yi da shi. Ana rubuta shi a farko da manyan baƙaƙe bayan bismilla da doguwar godiya, mai tallar fim kuma ya kira shi da murya mai amo, saboda uwar gidan da ba ta karanta boko ba ita ma ta ji. Fitowar ba-zata guda da na ga ta girgiza tsakar gida ba darakta ne ya shirya ta ba. Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota ranar 1 ga Janairun 2007, finafinan da ya riga ya yi suka ci gaba da fitowa bayansa. Sai ana cikin kallo ya shigo ɗaki yana murmushi, mata su ɗauki salati.

Sunayen da suka ɓoyu a wancan zamani wasu ne daban, kuma ba don a burge ɗan kallo ba. Shekaru da yawa mutane na zaton jarumar da ke rausaya ita ke rera waƙar. Masu muryar, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha, da tamu Fati Nijar da ta tashi daga Maraɗi ta je Kano, sunansu na can ƙasan jeri inda ba mai kaiwa. Marubucin labari haka. Fim ɗin Indiyan da aka wanke kuwa ba a ambatonsa ko da wasa. Sai daga baya mawaƙa suka fito da fuskarsu suka karɓi rabonsu, har aka kai lokacin da sunan Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef kaɗai ke sayar da fim.

Yau kwali ya mutu, faifan CD ya bi shi. Abin da ake yayi shi ne fim mai dogon zango. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da fuskokin da yawancinmu ba mu sani ba, sai muka koma tsohon halinmu: Kamaye da Adama muke kira, sunan yanka sai mai bincike. Daga baya Kwana Casa'in ya zo, a 2020 kuma Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka kama gari. A irin wannan fim ne dabarar ɓoye suna ke da amfani na gaske. Labari ne da ake ja mako bayan mako, mutum ya ɓace a ce ya mutu, wata ta tafi a daina jin ɗuriyarta, ana kammala zango da fuskar da ba a zata ba. Sai dai mabuɗin shirin kan jero fuskoki da sunaye tun kafin a fara, kuma ko an cire su a nan, hoton da aka liƙa a YouTube don jan mutane ya riga ya tona. Taken bidiyon kansa jerin sunaye ne, saboda da suna ake lalube. Jarumai kuma tun suna lokeshan suke sakin hotuna a Instagram da TikTok. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, babu wanda ya fara sani a gaban tele. An gama muhawarar a salula tun kafin sabuwar fuskar ta fito.

Ba mu kaɗai ba ne. Andrew Garfield ya shafe watanni yana musun cewa yana cikin Spider-Man: No Way Home, amma kafin fim ɗin ya fito a Disambar 2021 hotuna sun riga sun yawata duniya. Samarin da suka je kallonsa a Canal Olympia, silimar da aka buɗe a Yamai a 2017, da saninsu suka shiga, suka kuma yi ihun duk da haka. Bambancin shi ne can suna da kuɗin da za su yi yaƙin ɓoyewa su sha kaye. Furodusan Kano ko na Yamai da ya ce zai ɓoye jarumi sau biyu zai biya: ya biya jarumin, ya kuma yi asarar masu dannawa. Shi ma ɗan wasan, musamman mai tasowa, abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba, ganin sunansa a farko shi ne rabin ladansa, da shi zai samu aiki na gaba da tallar atamfa. Idan aka ce ya haƙura a saka masa a ƙarshe, wane ƙarshen? Tashoshi na yanke rubutun ƙarshe su sa talla, YouTube na tsallakawa zuwa bidiyo na gaba. Yaron da ke tura finafinai a salula kusa da kasuwar unguwarmu wani lokaci guntule kai da ƙafar fim yake yi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Baba, rubutu ne fa kawai, memori yake ci." Ban ga laifin furodusan da ya ƙi wannan caca ba, ko da yake ina ganin manyan da suka riga suka yi suna, waɗanda ko inuwarsu aka gani an gane su, za su iya gwadawa sau ɗaya ba su rasa komai ba.

Abin da ya canza fiye da injin da kasuwa shi ne ɗan kallon kansa. Yaran yanzu ba sa son a ba su labari. A fadar samarin layinmu na ga an kusa ba hammata iska don wani ya faɗi wanda ya dawo a sabon zango kafin sauran su kalla, abin da a zamaninmu gyaɗa ake saya wa mai yin sa. Ɗiyata, ranar da ake sakin shirin da take bi, kashe intanet ɗin salularta take yi tun la'asar, don ƙawayenta na ɗora hoton ƙarshen a WhatsApp da alamar kuka. Matsalarta guda ce, gwaggonta da ke zaune tare da mu. Ita ƴar tsohon zamani ce, takan riga kowa kallo a gidan maƙwabta, ta dawo ta shimfiɗa tabarma, shiri na farawa ta ce, "Wannan ai bai mutu ba, yana asibiti, yanzu za ku gan shi."

"Haba Gwaggo, don Allah ki bari mana!"

"To me na ce? Ai taimakonku nake yi, kada gabanku ya faɗi."